Dami Talatin a Gindin Rufewa

Bazarar bana ta yi tsawo. Hadari yakan haɗu daga gabas bayan la'asar, ya yi baƙi har mata su fito kwashe shanya, sa'an nan iska ta watsa shi, mu kwana cikin gumi. Jikokina suna kiran abin da muke ciki yunwa, domin an rage musu mai a miya. Rumbunan kara na gidana duk sun ƙare, saboda haka shekaranjiya babban ɗana ya sa aka kwashe tsohuwar rufewa, wato rumbun ƙasa, har gindi. Ina zaune a inuwar ɗorawa ta ƙofar gida. Idona ya daina ganin nesa, amma hancina bai tsufa ba. Iska ta kawo mini wani ɗan wari, irin na ƙullun da aka manta a tukunya, gauraye da na ƙasa mai laima. Wannan wari shi ne ya mai da ni wata shekara ta can baya, tun sarkin yanzu bai hau ba, tun gemuna yana baƙi.

Ni magini ne, ɗan magini, jikan magini. Daga garinmu Makoɗa har ƙauyukan da ke kewaye da ita, ba a gina rufewar da za ta riƙe hatsi shekara da shekaru sai an zo gidanmu. Masu ginin yanzu suna lafta ƙasa da kauri domin su ɓoye rashin hannu. Mu bangonmu bai wuce kaurin tafin hannu ba, kuma in ka ƙwanƙwasa shi yakan amsa kamar tulu.

Sana'ar tana da ƙa'ida game da lada, wadda muka tarar. Ba a biyan maginin rufewa da kuɗi, da hatsi ake biyansa, kuma haƙƙinsa shi ne dammunan da suka fara shiga. Ran da za a zuba, magini ne ke sauka ciki. A miƙa masa dammunansa, ya jera su a daɓe, ya taka ko'ina ya ji babu inda ya lotsa, ya yi addu'a, kana ya miƙo su waje ɗaya ɗaya a kai masa gida. Sai bayan haka mai gida zai zuba nasa. Manufar magabata ita ce magini ya fara ba aikinsa amanar abincin 'ya'yansa kafin wani ya ba shi. Ban taɓa jin wanda ya karkatar da wannan al'ada ba, sai Gwadabe.

Gwadabe mai gandu ne a wani ƙauye arewa da mu, wanda in ka tashi da asuba kakan isa kafin hantsi. Bayinsa sun fi mutanen unguwarmu yawa. Mutum ne mai taushin murya, mai yawan murmushi. Ban taɓa jin ya zagi kowa ba. A shekarar da nake magana damina ta yi masa kyau, ya ga dawarsa za ta fi ƙarfin rumbunansa, sai ya aiko mini tun ruwa bai gama ɗaukewa ba. Ya ce rufewa yake so wadda fatake za su hango daga hanya su tambaya. Muka yi ciniki gaban mai unguwarsu a kan dami talatin na dawa, dammunan fari bisa al'ada. Na yi lissafi a raina: gonata ƙarama ce, geron da na yanka zai kai mu ƙarshen rani, waɗannan talatin kuwa su ne za su haye da mu bazara da damina har sabon gero ya nuna. Mu uku ne a gida, ni da matata Kande da 'yarmu Hansai, wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Na ƙi aikin wasu saboda nasa. Waken gonata ma Kande ce ta yi roronsa ita kaɗai, da goyo a baya.

Bayin gandu suka jawo duwatsun gindi, na daidaita su da idona. Sarkin gandunsa, wani dattijon bawa da ake kira Nasamu, shi ke kula da masu kwaɓa. Jar ƙasa ake haƙowa daga kududdufi, a haɗa ta da yankakkiyar ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana ta yi danƙo. Kowace rana zagaye ɗaya nake ɗorawa, ba na ƙarawa, domin na jiya ya sha iska kafin ya ɗauki na yau. Cikin rufewar ya yi ta faɗi har ya isa mutum goma su zauna su ci tuwo, sa'an nan na fara tsuke ta zuwa wuya. Sanyin kaka ya shigo, ƙasar safe ta riƙa tsattsaga mini yatsu, Kande tana shafa mini man kaɗe in na komo. Da na ɗora baki, tsawonta ya kai tsayuwar mutum uku. Ban taɓa gina irinta ba, ban kuma sake ba.

Saura abu ɗaya. Magini in ya gama yakan sauka ya yi daɓen ƙarshe, domin ƙafafunsa da ruwan aiki sun ɓata na fari. Wannan daɓe yana cikin inuwa, ba ya bushewa da sauri. Sai an bar baki a buɗe kwanaki, a hura wutar kara a ciki, a share, a shimfiɗa toka saboda gara. Na yi daɓen da safe, da azahar manzo ya zo daga Tofa cewa mahaifin Kande ya rasu. Na je na sami Gwadabe na ce masa kada a zuba ko zangarniya ɗaya sai na komo, daɓe ɗanye ne. Ya yi mini ta'aziyya mai kyau, ya ce in tafi da kwanciyar rai, har ya ba ni goro.

Da muka komo bayan sadakar bakwai, tun daga nesa na hango jinka a kan rufewar. An cika ta har wuya, an liƙe baki da laka.

Na tarar da Gwadabe a zaure yana ɓare gyaɗa. Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi dammunana. Ya ce, "Ai magini, al'ada muka bi. Naka ne suka fara shiga, talatin cif, mai unguwa na tsaye. Sai ga shi ba ka nan balle ka miƙo su, ga shanun Filani sun fara faɗa wa gona. Haƙƙinka na nan a gindi, ba mai taɓawa. Ran da muka kai gindi ka zo ka kwashe."

Na ce, ransa ya daɗe, ya ba ni talatin daga wani rumbu, waɗancan su zama nasa. Ya yi dariya ya ce shi ba ya cin kayan mutane. In ya musanya, ya taɓa amana ke nan. Wani daga cikin masu zaman zaurensa ya ce ai magini ya yi sa'a, an ba shi ajiya kyauta a rumbun da ya fi kowanne a ƙasar nan, da wani ne sai ya biya. Zaure ya ɗauki dariya. Da na fito, Nasamu ya biyo ni har bakin shinge. Ya ce mini a hankali washegarin tafiyata aka zuba, ba wuta, ba toka. Ya yi magana, aka ce masa bawa ba ya koya wa ubangijinsa ajiya.

Rufewa irin wannan kuwa ba a buɗe ta sai rumbunan kara sun ƙare, wani lokaci sai shekara ta zagayo. Ranin nan duka a hanyar gidan Gwadabe na yi shi. In na je da safe, a ce ya fita gandu. In na je da yamma, a ce ya shiga cikin gida. Wata rana a shimfiɗa mini tabarma a bar ni har inuwa ta juya. Wata rana ya fito da kansa, ya tambayi lafiyar Hansai da sunanta, ya nuna mini rufewar ya ce in dubi yadda kayana suke kwance lafiya. Na je wa mai unguwa, ya ce shi shaidar ciniki ne, ba shaidar ranar biya ba. Na roƙi limaminsu, ya je ya komo yana ba ni haƙuri, wai mutumin bai musa ba.

Da haƙurin ya ƙare na kai ƙara gaban alƙali, a wani gari mai ganuwa kudu da mu, ranar kasuwa. Wurin cike da mutane, da yawansu na gina musu ko na gina wa iyayensu. Gwadabe ya zo kan doki, ya sauka ya durƙusa kamar kowa. Bai musa ko dami ɗaya ba. Ya ce ba bashi ne a kansa ba, ajiya ce. In kuwa aka fasa rufewar da aka liƙe kafin lokacinta, ƙwaro zai shiga, wa zai ɗauki hasarar? Na ce an zuba a kan ɗanyen daɓe. Sai ya juyo ya dube ni da murmushin nan nasa.

"Allah ya gafarta malam, a tambaye shi. Rufewar da ya gina mini za ta riƙe hatsi, ko za ta ruɓar da shi? In za ta riƙe, kayansa na nan lafiya, ya jira. In kuwa za ta ruɓar, to, babu lada a kan ɓataccen aiki, kuma ina neman ya biya ni abin da na zuba."

Alƙali ya mai da tambayar gare ni, ya ce in amsa da ɗaya daga cikin biyun. Na dubi mutane. Abin da ke cikin rufewar nan, ko an sai da ni da gidana ba zan iya biya ba. Sunan ubana da na kakana kuma suna rataye a bakina. A raina kuwa ina fata sanyin kaka ya busar da daɓen ta ƙasa, tun da a kan duwatsu yake. Na ce aikina ba shi da aibu. Gaskiya na faɗa, har gobe haka zan ce. Alƙali ya ce to in jira a kai gindi. A hanyar komawa Gwadabe ya wuce ni a kan dokinsa, ya ja linzami ya yi mini sannu da rana.

Sai bazara ta shigo. Zafin shekarar nan ban ga irinsa ba. Rijiyarmu ta ja baya, aka yi ta ƙara igiya, abin da guga ke kawowa rabinsa laka. Ƙasa takan ƙona tafin ƙafa tun hantsi. Kaji suna kwance ƙarƙashin rumbu baki buɗe. Geronmu ya ƙare kamar yadda na lissafa. Kande ta koma dama kunu sau ɗaya a yini, da farko mai kauri, daga baya wanda kana hango gindin ƙwarya ta cikinsa. Muka sai da akuya, muka sai da tasoshin aurenta. Mudun da ka saya wannan kasuwa, kasuwa mai zuwa ya fi ƙarfinka. Aikin gini kuwa babu, wa zai gina rumbu ba abin zubawa?

A cikin wannan hali Gwadabe ya ce mini in ina gaggawa in sai da masa dammunan, amma a kuɗin da aka sai da dawa ran da aka zuba su. Kuɗin nan a tsadar bazara ba zai sayi dami biyar ba. Na ƙi. Da tukunya ta yi kwana ba a ɗora ta ba, na koma na ce na yarda. Ya ce ya yi tunani, ya kuma tambayi malamai, bai halatta mutum ya sayi abin da bai gani ba.

Ruwan fari ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, kowa ya fita shuka. Gero ya tsiro kamar allura, sa'an nan sama ta ɗauke, rana ta kwantar da shi. Muka sake shuka da sauran iri, shi ma ya tafi. Ta uku da irin aro muka yi, wanda 'yan'uwan Kande suka aiko daga Tofa ƙulle a tsumma. Shi ne ya kama, amma a makare. Kowa ya san sabon gero zai yi jinkiri. A wasu shekaru akan yi gayya da ganga, a nome gonar wannan yau, ta wancan gobe, a ci tuwo a bakin gona. Shekarar nan ba wanda ya kira gayya, domin ba mai abin ciyar da ita. Kowa yana gonarsa shi kaɗai, ya sara kaɗan ya zauna.

Abinci ya koma ganye. Da sassafe Kande takan fita da Hansai a baya, ta tsinko tafasa da rama da yaɗiya, ta dafa, ta barbaɗa 'yar dusa in akwai. Mata suna tona gidan tururuwa domin tsabar da ke ciki. Cikin babba yakan karɓi ganye, na yaro ba ya karɓa. Hansai, wadda da takan zauna gefena tana murza laka, wai rumbu take gina wa kaza, ta daina wasa. Gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura, in ka danna da yatsa sai wurin ya zauna. Ba ta yawan kuka. Bin hannun mutum take yi da ido.

A lokacin ne Gwadabe ya buɗe rufewar, domin kuɗin mudu ya kai inda yake so. Na je. Ya ce lalle ya ji tausayina: gindi dai da sauran nisa, amma yana neman hannu a gandu, ciyawa ta taso; in zan yi ƙodago, rabin mudu ne a yini. Ya ƙara da cewa ai taimakon kaina zan yi, duk abin da na ci daga sama yana kusantar da ni gindi. Ni da ban taɓa riƙe fartanya a gonar wani ba sai a gayya, na shiga sahun bayinsa. Rabin mudun nan shi ya riƙe mu. Tawa gonar sai da la'asar nake leƙa ta.

Kullum in an tashi daga gandu, kafin in kama hanya, nakan karɓi tsani daga hannun Nasamu in hau in leƙa. Zagayen da na ɗora suna nan a bangon ciki kamar zobba, na san kowanne da ranar da na yi shi. Da su nake auna abin da ya saura. Masu saye suna zuwa daga nesa, wasu da jakuna, wasu da ƙorai, wasu janye da akuyarsu ta ƙarshe. Ni ne har nake tsai da mutane a hanya ina ce musu akwai hatsi a gidan Gwadabe, domin a saye a kai gindi. Shi kuwa in ya ga ana rububi sai ya rufe kwana biyu, kuɗi ya ƙara hawa. Kande takan tarye ni a bakin ƙofa ta ce, "Saura zobe nawa, maigida?" Nakan ce kaɗan.

Marka ta kama, sama ta rufe, ba rana. Gero ya fid da kai a gonaki. Warin ya fara tasowa tun ana saura kamar tsayin ƙugu. Bawan da ke ciki ya ce ƙafarsa tana jin ɗumi. Dammunan da yake miƙowa suka fara zuwa da wani fari-fari kamar auduga, na bayansu baƙi. Gwadabe ya sa aka tsaya. Ya ce bisa ƙirgarsa nasa ya fita daidai, abin da ya saura nawa ne. In ma akwai nasa da ya gauraya, ya bar mini kyauta. Ya aika aka kira mai unguwa da liman da duk wanda ke kusa.

"Jama'a ku shaida. Ga magini, ga gindi. Shi da bakinsa ya ce wa alƙali aikinsa ba shi da aibu, saboda haka abin da ke ciki lafiyayye ne. Sauka ka miƙo kayanka bisa al'ada, magini. In ka gama ka share mini daɓen da kyau, kaka ta kusa."

Na sauka. Ciki da zafi kamar bakin murhu. Dammunan sun narke sun haɗe sun zama abu ɗaya, baƙi, mai yauƙi; gara ta huda daɓe ta yi gida a ciki. Da fartanya nake sara ina zubawa a kwando, Nasamu yana ja da igiya, fuskarsa a juye. Da na gama na ƙwanƙwasa bango. Ya amsa kamar tulu. Babu tsaga ko ɗaya.

Ran nan kuma aka sallami 'yan ƙodago, domin noma ya ƙare, rabin mudu ya yanke. Na ɗauki abin da kwando zai ɗauka na kai gida. Kande ta zauna ta tsince shi zangarniya zangarniya, ta fid da abin da yake da kamar tsaba, ya kai ƙwarya guda. Ta wanke shi ruwa bayan ruwa. Ba rana balle ta shanya, sai ta juya shi a kasko, ta daka. Na ce mata warinsa bai tafi ba. Ta ce, "To me zan ba ta? Ganye ba ya zama a cikinta. Gero ya kusa, wannan zai kai mu." Ta dama kunu. Hansai ta riƙe ludayi da hannu biyu, ta sha har ta lashe, ta miƙo a ƙara. Rabon da ta nemi ƙari an daɗe. Mu ma muka sha ragowar.

Mu manya amai muka yi da murɗar ciki, muka tashi. Ita ba ta tashi ba. Ta yi ta zawo har ba abin da ya saura a jikinta, wata safiya da hantsi ta cika a cinyar uwarta. Ƙasa a jiƙe take, kabarin bai yi wuyar tonawa ba, ƙarami ne ma. Ran sadakar uku Gwadabe ya aiko Nasamu da mudu guda na gero mai kyau, a yi gumba. Mutane suka ce ya kyauta. Muka karɓa, ba mu da wani. Ba a daɗe ba yaran unguwa suka fara gasa tumu, ƙamshinsa ya cika gari. Kande ta shiga ɗaki ta saki asabari.

Da kaka ta yi, muna sussuka a ƙofar gida, sai ga Nasamu da 'yar jaka a hannu. Ya daɗe yana gaisuwa. Daga bisani ya sunkuyar da kai ya ce maigida ya ce a tuna mini da mudun nan. Hatsin damina, kamar yadda kowa ya sani, biyu ake mayarwa da kaka. Na auna masa biyu, na cika har suna zuba. Ya ƙara da cewa wai in na sami sarari in zo in sake daɓen, wannan karon da wuta da toka. Na ce ya gai da maigida.

Ban sake taka gidan ba. Wani ya yi masa daɓen. Gwadabe ya yi tsawon rai, ya mutu a kan shimfiɗarsa yana ganin ya biya ni har da ƙari. Gandunsa ya watse a hannun magada, zauren ya rushe, amma rufewar tana nan tsaye a cikin kango. Fatake suna hango ta daga hanya, suna tambaya aikin wane ne. Ni kuwa tun daga shekarar nan ba na ɗora bakin rufewa sai dammunana sun kwana a gidana, haka kuma na koya wa 'ya'yana, masu gida suna cewa mun ɓata al'ada. Kande ta haifa mini maza bayan haka. Ba ta sake kai kunun dawa bakinta ba har ta bar duniya.

Shekaranjiya da warin nan ya iso ni, na tashi da sandata na je bakin rufewa. Matar ɗana tana tsince na gindi a faifai. Ta ce ɗan kaɗan ne ya yi baƙi, in an wanke an daka ba mai ganewa, ga hatsi yana tsada. Ƙaramar jikata tana riƙe da zanen uwarta, tana bin hannunta da ido. Na ce a haƙa rami a bayan gida a binne shi duka, mai zurfi, yadda ko kaza ba za ta tono ba. Ta ce, "Baba, a wannan bazarar?" Na ce a wannan bazarar. Na ji tana ce wa mijinta ƙasa-ƙasa tsohon nan bai san wahalar hatsi ba. Na tsaya a bakin ramin har aka mai da ƙasa, na taka ko'ina da ƙafata na ji babu inda ya lotsa, kana na koma inuwa.